Gargaɗi: a yi hattara da masu tallar "kayan Nok" da takardar gwaji ta bogi

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da ya sami ƙanina a watan jiya ne ya hana ni yin shiru, don kada wani ya faɗa ramin da ya faɗa.

Wani mutum ne ya neme shi ta WhatsApp, ya turo masa hoton kan mutum-mutumi na yumɓu, da idanun nan masu kusurwa uku da huji a tsakiya, sak irin na Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na mutanen dā da ake tonowa a yankin ƙauyen Nok na jihar Kaduna. Ya ce a wata gona wajen Kwoi, kusa da Nok, aka tono shi, akwai Baturen da ke jira a Faransa, saura kuɗin gwaji da na fitarwa kawai, sai a raba riba. Har da takarda mai tambari, wai "gwajin kabon" ya nuna yumɓun ya shekara 2,500. Yaron nan ya kwashi naira dubu 350 daga jarin shagonsa ya tura. Bayan kwana uku, layi a kashe.

Ina ganin takardar na gane ƙarya ce. Gwajin kabon na abin da ya taɓa rayuwa ne, kamar gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, ba na yumɓun kansa ba. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Jamus, da suka fara aiki a yankin Nok a 2005, gawayi da ƙonannen geron da suka tarar tare da kayan suka riƙa gwadawa. Shi gasasshen yumɓu hanyarsa daban ce, ana ce mata gwajin TL. Sai an huda jikinsa an ɗebi garinsa, an zafafa a ɗakin gwaji, yashin da ke ciki ya fitar da ɗan haske. Yawan hasken ke nuna tsawon zamanin da ya wuce tun ranar da aka gasa shi, kuma kintace ne tsakanin shekara kaza zuwa kaza.

Ko takardar TL ta gaskiya ma ba ta isa hujja ba. 'Yan damfara kan tattara tsofaffin tsingaro na ainihi, su manne su da gam, su shafe da ƙasa, su gina sabon gunki. Idan aka huda ta wajen tsohon guntun, ai dole ya nuna tsufa. Sai hoton CT, irin na asibiti, ke tona asirin mannin.

A ce ma kayan na gaske ne, dokar Najeriya ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Shi ya sa ƙanina ya ji tsoron kai ƙara da farko, kuma da wannan tsoron 'yan damfarar suke cin kasuwarsu.

Wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya a gonarsa, ya bar su inda suke, ya sanar da gidan tarihi mafi kusa, kamar na Jos ko na Kaduna. Wanda kuma aka turo wa hoton nan, don Allah kada ya tura ko sisi. Ƙanina har yau bai gama biyan bashin masu kawo masa kaya ba.