Kir na Indiya ko ruz bil laban na Masar: amsa ga Maman Hanifa

Maman Hanifa, kin ce za ki yi walimar saukar ɗiyarki a Birnin Kebbi, kina son abin zaƙi na madara da shinkafa, kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin kir na Indiyawa da ruz bil laban na Larabawa. Na dafa duka biyun, na kuma taɓa ƙona tukunya a kan ɗaya, don haka ga abin da na gani.

Kayan haɗinsu kusan ɗaya ne: shinkafa, madara, sukari. Inda suka rabu shi ne hanyar yin kauri. Kir madara ce ke ƙonewa a hankali har ta ragu. Lita ɗaya ta madara, shinkafa rubu'in kofi kawai, wuta kaɗan, kina tsaye kina juyawa kamar minti 40. Kina juya baya ki amsa sallama, gindin tukunya ya kama, ƙauri ya shiga ko'ina, kuma babu turaren da zai ɓoye shi. Nan ne na yi asarar tawa. Ƙamshin kir daga kadamom yake, wanda alhazai suka sani da hel a gahawar Saudiyya, sai za'afaran ga mai hali, da zabibi da kashu a sama. Indiyawa na yin sa a bikin aure da Diwali, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, Musulminsu da na Pakistan kuma ranar Sallah. Ana sha da ɗumi, ana sha da sanyi.

Na Masar ya fi sauƙin kai. Ki fara dafa shinkafar da ruwa ta yi luguf, ki zuba madara da sukari, ki dama cokali ɗaya ko biyu na garin sitaci da madara mai sanyi ki tsiyaya, nan da nan ya kama jikinsa. A zuba a ƙananan kwanuka, a sa a firij, a barbaɗa kirfa ko kwakwa. Bai kai kir nauyi a baki ba, amma madararsa tana auki, kuma ga mai ciyar da taro wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sunan nan na ruz bil laban yana yaudara, musamman ga wanda ya je aikin Hajji. A Saudiyya laban shi ne mai tsamin nan kamar nono. A bakin Misirawa kuwa laban madara ce zalla. Kada a ce miki ki nemo kindirmo, yana shan wuta zai tsinke. Haka tsamiya da lemun tsami: na kunun gyaɗa ne, ba su shiga madarar shanu.

Maganar shinkafa kuwa, mu 'yan Kabi ba mu da uzuri. Littattafan girki za su ce sai basmati, doguwar shinkafar nan ta Indiya da Pakistan, ke kuwa ga fadamar Argungu da Suru da Bunza a bayan gida. Amma ki kula, yawancin ta buhu da masana'antu ke fitarwa turararra ce, an yi ta ne don ta warware a dafa-duka, ba ta sakin sitacinta. Ki nemi ɗanyar shinkafa ta tuwo, ko ma tsakinta, wanda ya fi araha. Ita ce ke narkewa ta ba ki yauƙin da ake nema. Indiyawa ma suna da wani da suke kira firni, da niƙaƙƙiyar shinkafa suke yin sa, su zuba a 'yan kaskon ƙasa.

Madara in kin samu ta rugga sabuwar tatsa, ta fi komai, sai dai a tace a tafasa sosai. Da rani tana wuya, ki dama ta gari mai cikakken mai.

To, wanne? Ba ki faɗi yawan baƙinki ba, ni kuwa a can hukuncina yake. In surukai ne da aminai, mutum goma zuwa sha biyar, ki yi kir, wahalarsa ta cancanta. In sun kai talatin kuma kina da tabbacin firij, ki yi na Masar tun dare. Amma in unguwa ce gaba ɗaya za ta zo, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wuta kuma sai an ga dama, ni dai ba zan ajiye madara da dafaffiyar shinkafa su wuce awa biyu a waje ba. Ki dama kunun gyaɗa da shinkafar tuwon nan, ki zuba a manyan filas da zafinsa, kir ɗin kuma ki yi ƙaramar tukunya ki aika wa malaman da suka yi mata saukar.