Hodar gwada iska ta Dead Down Wind wajen farautar macen barewa

A Amurka, hukumomin namun daji na jihohi irin su Pennsylvania suna ba da lasisi na daban don harbin barewa marar ƙaho, wato galibi mace, domin mace ce ke ƙayyade yawan garke: babba takan haifi tagwaye a shekara. Sai dai samunta ba wasa ba ne. Mata tare suke yawo, hanci da yawa, kuma tsohuwar cikinsu da ta shaƙi warin mutum sai ta buga ƙafa, ta yi huci, ta ɗaga farar wutsiya, kowa ya watse.

Nan wannan 'yar robar hoda mai tambarin Dead Down Wind take da amfani: tana nuna inda iska ta nufa, don kada ta kai musu warinka. A girgiza, a matsa sau ɗaya, a bi farin ƙurar da ido. Ba ta da ƙanshi, tana shiga aljihu. A riƙa gwadawa duk bayan minti 15 zuwa 20, musamman a gangare, inda iska kan hau sama idan rana ta ɗumama ƙasa, ta sauko kwari da yamma.

Aibinta biyu. Ƙurar takan ɓace cikin 'yan taku, ba ta nuna inda iska ta karkata can gaba. Audugar tsiron milkweed, mai kama da ta tumfafiya, ta fi ta nisa. Sannan raɓa ko ruwan sama na dunƙule hodar, bakin ya toshe, don haka a ajiye ta a aljihun ciki.

Kuɗinta kaɗan ne, ta cancanci saye. Amma ba za ta bambance maka mace da ɗan namijin da ƙahonsa bai fito ba. Jira su taru, ka duba kai: nasa a baje yake, nata a zagaye.