Manhajar shifta da ta mayar mini da baƙi baki

Zango guda ke nan ina amfani da wata manhajar intanet ta koyar da rubutun kalmomi a ajina na uku. Da a makonni huɗun farko aka tambaye ni, da na ce kowane malamin firamare ya neme ta. Tana furta kalma, yaro ya rubuta, nan take ta nuna masa ya dace ko ya kuskure. Wadda ya kuskure kuma sai ta yi ta dawo masa da ita har ta zauna. Turanci harrufa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, shi ya sa na yi shekaru ina fama da irin su knife da write masu harafin da ba a furtawa. Cikin wata guda yara suka kama su, ni ma na huta da kwasar littattafan shifta zuwa gida.

Da na ga haka sai na ce bari Hausa ma ta amfana, tunda akwai wurin da malami zai saka nasa kalmomin ya naɗi muryarsa. Na zauna da dare na shigar da ashirin, ciki har da baƙi, ƙafa, ɗaki da ɓari. Ashe tana adana su ta gutsure musu ƙugiya, ban lura ba.

Akwai wata yarinya a ajin, shiru-shiru, wadda sai da na kama hannunta a allo kafin ta iya lanƙwasa kan ƙ. Ranar ta ji muryata na ce baƙi, ta danne k a hankali har ƙ ta fito, ta rubuta daidai. Sai jan gicciye. Ta sake, jan gicciye. Na kusa da ita ya buga baki kawai, aka ba shi tauraro har da tafi. A karo na uku ta taso da kwamfutar a hannu, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Malama, ba ke kika ce wannan mai ƙugiya ce ba?" Wallahi har yau abin na sukar zuciyata. Aikin da na yi wata biyu ina ginawa, na'ura ta rushe shi a gaban idona, kuma da muryata.

Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Baki daban, baƙi daban. Kafa ba ƙafa ba ce, bari ba ɓari ba ne. Harrufan suna cikin Unicode, wato tsarin da kwamfuta ke gane harrufan harsunan duniya da shi, madannin waya ma yana fitar da su, to ina uzurin? Sau biyu na rubuta wa masu manhajar. Amsar da na samu ita ce in yi amfani da harrufa na yau da kullum. To mu ai ɗ da ƙ da ɓ su ne na yau da kullum ɗinmu.

Wannan ne ya tuna mini da abin da na riga na yafe. Tun makon farko manhajar take jan layi a ƙarƙashin colour da centre, tana son color da center, rubutun Amurka da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya yaɗa, alhali littafin da ke hannun yara rubutun Ingila yake bi. Sai da na tona can cikin saituna kafin na gano inda ake sauyawa, bayan yara sun yi asarar maki.

Turanci dai ina nan da ita, don gaskiya tana aiki. Hausa kuwa mun koma allo da alli. Yarinyar nan har yanzu in za ta sa wa k ƙugiya, sai ta ɗago ta dube ni tukuna.