Shagon wiwi mai lasisi a Toronto: abin da na gani da man shafawa da na siyo

Ni dai ba na shan wiwi, ban taɓa ba, bari in fara da wannan. Ciwon baya ne ya kai ni, aikin ɗaukar kaya a sito ya dame ni, wani abokin aikina ya yi ta min naci wai in gwada man shafawa na CBD, wani sinadari da ake cirowa daga wiwi wanda ba ya bugarwa. Tun 17 ga Oktoba 2018 Kanada ta halatta wiwi, shi ya sa shagunan nan ko'ina suke, wani layin ma sai ka ga biyu ko uku.

Shagon tsaf-tsaf wallahi, kamar inda ake saida waya. Za su iya tambayarka katin shaida, don a Ontario sai ka kai shekara 19, kuma ba za a saida maka fiye da giram 30 ba a lokaci guda. Kowane kunshi a rufe, da jan tambarin THC (sinadarin wiwi da ke bugarwa) da gargaɗi a akwati mai ruwan ɗorawa. Yarinyar da ke saida kayan ta burge ni a abu ɗaya, da na ce mata wannan man zai warkar min da bayana? sai ta ce ita ba likita ba ce kuma ba a yarda su ba da shawarar magani ba, in je in ga likita. Na ji daɗin gaskiyarta.

Man kuwa gaskiya ban ga abin a zo a gani ba. Sati uku ina shafawa safe da dare, yana ɗan sanyaya wurin na ɗan lokaci, kusan yadda Robb ke yi, ga shi ya ninka shi tsada sau da yawa. Ba zan sake siya ba.

Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ina cikin shagon nan na ji ƙyamar abin tana raguwa a zuciyata ba tare da kowa ya kawo min wata hujja ba, haske ne kawai da tsafta da fara'a da sunaye masu daɗi a jikin kwalba. Abokina ma haka yake, kullum zancensa harajin da gwamnati ke samu ne, da cewa an daina kulle yara a kurkuku saboda ƙulli ɗaya, da cewa gara wanda aka gwada a lab da na bakin titi, kuma wallahi maganar kurkukun tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai duk lokacin da ya ce "ai ganye ne, magani ne", ya haɗe mai ciwon farfaɗiya da saurayin da ke neman caji a kwando ɗaya ke nan, alhali a jikin kunshin da gwamnati ta yarda a saida an rubuta cewa yawan sha na iya jawo taɓin hankali, musamman ga matasa.

Na tuna lokacin da a gida Najeriya marigayi Akeredolu, gwamnan jihar Ondo a lokacin, ya yi ta kiran a halatta noman wiwi don magani da kuɗin shiga, shi kuma Buba Marwa na NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙi. Thailand da ake ta misali da ita ta sassauta dokar wiwi a 2022, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

Shagon na ba shi huɗu cikin biyar, man kuma biyu. Kuma dan Allah kar wanda ya saka ko man ne a jaka in zai taho gida, fita da shi daga Kanada laifi ne, a filin jirginmu ma NDLEA na nan.