Firigo, firiza ko kula: wanne ya dace da ajiye ɗanyen kifi a Maraɗi?

Duk wanda ya taɓa sayen karfasa ko tarwaɗa daga hannun masuntan tafkin Madarunfa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Maraɗi yake haura digiri 40, ya san cewa ɗanyen kifi ba ya jiran mai shi. Ƙa'idar tsaftar abinci ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, kuma idan zafi ya haura digiri 32, wa'adin ya koma awa ɗaya tak. Saboda haka kafin magidanci ya zuba kuɗinsa a kan abin sanyi, ya kamata ya auna yawan kifin da gidansa yake saye a lokaci guda, ya kuma duba yadda wuta take tsayawa a unguwarsu.

Firigo shi mutane suka fi sha'awa, amma ta fuskar kifi amfaninsa gajere ne. Sanyinsa na wajen digiri 4 ba ya riƙe ɗanyen kifi fiye da kwana ɗaya ko biyu, kuma idan aka ɗauke wuta, awa huɗu kawai yake iya jurewa, shi ma in ba a buɗe ƙofar ba, abin da ke da wuya a gidan da yara suke zarya neman ruwan sanyi. Wanda ya riga ya mallake shi ya cire hanjin kifin, ya wanke, ya sa a kwano mai murfi a can ƙasa, don kada ruwansa ya ɗiga a kan nono ko latas.

Firiza mai murfi a sama ita ce ta mai sayen kifi kwali guda. Tana daskarar da shi a digiri 18 ƙasa da sifili, inda kifi mai maiƙo yake kai wata biyu zuwa uku da ɗanɗanonsa, kuma idan tana cike takan riƙe sanyi kusan awa 48 babu wuta, rabin haka idan rabinta fanko ne. Shi ya sa nake cike gibin tawa da gorunan ruwa. Sai dai tana da tsada, tana cin wuta, kuma tana buƙatar kulawa: a raba kifin a leda gwargwadon girkin rana ɗaya, domin narkarwa da sake daskarewa ne suke ɓata shi. Wannan ya fi tsanani ga kifin teku irin su sadin, wanda idan ya ji ɗumi yakan tara wani guba mai sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai, kuma suya ba ta kashe shi.

Ga yawancin gidajenmu, inda ake sayen kilo ɗaya ko biyu a dafa kafin gobe, ni kula mai kauri nake ba da shawara a saya, tunda ana samun ƙanƙara a unguwa, kuma ita kular ba ruwanta da ɗaukewar wuta. A wurin saye a danna murfin a ji ya kama gam, a zaɓi mai ƴar kafa a gindi ta tsiyaye ruwa. A farfasa ƙanƙarar, a shimfiɗa ta a ƙasa, a jera kifin, a sake rufe shi da ita, sannan a riƙa zubar da narkakken ruwan, domin kifin da ya kwana cikin ruwa namansa saki yake yi. Da kular kuma ake zuwa kasuwa, abin da firigo ba zai yi ba. A can, kafin a biya, a ɗaga marfin kunnen kifin a ga ja ne jawur, a ga idonsa garau, a danna gefensa da yatsa. Idan shaidar yatsan ta zauna ba ta ciko ba, a bar wa mai shi kayansa.