Sifirin ɗin Passat a bayan Golf 3: ta ɗaga, amma Hawan Kibo ya tona asiri

Duk mai Golf 3 a Jos ya san ciwonta. Ka zuba mutum uku a baya, ka ɗora buhun dankali biyu a but, sai ta durƙusa kamar raƙumi, taya na gogar madigad, salansa na sharar kwalta a kowane tudu daga Farin Gada har Bukuru. Yawancinsu ƙirar 1992 zuwa 1997 ne, sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya gaji tun kafin motar ta baro Turai. Maganin da ake bayarwa a gareji shi ne a sa mata na Passat, B3 ko B4, tunda tsarin bayansu ɗaya ne: bim guda ya haɗa tayoyin biyu, sifirin kuma ya zagaye shokozoba. Shi aka yi wa tawa, mai inji 1.8 marar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki), wata huɗu ke nan.

Aikin kansa ba wuya, bai kai awa biyu ba. Bol ɗaya ne a ƙasa inda shokozoba ta kama bim, sai notocin sama da ake kwancewa ta cikin but. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, don in aka saki biyun lokaci guda bim ɗin zai rataya a kan tiyon birki. Sai a matse sifirin da abin matsewa, a zauna da bakin waya a gurbinsa na faranti, a mayar. Na auna da tef daga tsakiyar taya zuwa leɓen madigad: da santimita 34 ne babu kaya, bayan aiki ya koma 39. Da cikakken lodi ta tsaya a wajen 34, wato inda take tsayawa a da ba kowa a ciki.

Makon farko kam na yaba. Hanyar Mangu da ramukanta, lodi cike, ba gugar taya ko sau ɗaya. Salansa ta huta. A kwana ma ta rage kwanciya gefe. Duk wanda ya tambaye ni a lokacin cewa nake ya je ya yi, ba ya nadama.

Sai ranar da aka gangara Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta hanyar Jos zuwa Akwanga, mutum huɗu da buhu biyu. A giya ta uku nake, ina taɓa birki a kowace kwana kamar yadda aka saba. Wajen rabin gangara warin ƙonewa ya fara shigowa. Feda na nan da tauri amma motar ba ta jin magana, ka taka ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita ake ba. Da na ƙara shan kwana biyu sai fedar ta fara laushi tana nutsewa, alamar man birki ya tafasa ke nan. Da giya ta biyu da birkin hannu a hankali aka samu ta tsaya a gefe. Tayoyin gaba hayaƙi suke, ko kusa da rim ba ka iya kai hannu. Na zagaya baya na ɗora tafina a kan duram: ɗumi-ɗumi kawai, kamar kofin shayin da aka manta. Motar da ta sauko rabin Kibo da lodi, duram ɗinta na baya bai yi zafi ba, ai ka san gaba kaɗai ke ta aikin. Wani direba ya kawo jarka zai watsa wa faifan birkin ruwa, na hana, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai wannan zafi lanƙwasa shi yake, wani lokacin ma ya tsage. Kusan minti arba'in muka zauna ya huce da kansa.

Ga abin da ba wanda ya faɗa min ranar da aka sa sifirin. Golf 3 marar ABS tana da wani bawul a ƙarƙashi, kusa da bim ta gefen hagu, bututun birkin baya na shiga cikinsa suna fita. Yana da ɗan hannu, da ƙaramin sifirin da ya maƙale a jikin bim. Aikinsa auna nauyi. In an yi lodi jikin mota ya sauka, ƙaramin sifirin ya ja hannun, bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In mota ba kaya ta ɗaga, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. To shi ba buhu yake ƙirgawa ba, tsayin mota yake gani. Da aka ɗaga bayan da santimita biyar, ko an cika ta maƙil, a wurinsa motar fayau take. Sai ya riƙe ƙarfin, ya bar fad ɗin birkin gaba da nauyin mutum huɗu da dankali a gangara mai tsawon nan. A cikin gari, daga Terminus zuwa Bauchi Road, ba za ka taɓa ganewa ba, birki biyu uku ne ka tsaya. Doguwar gangara ce ke fito da shi.

Da na koma gareji na nuna wa makaniken, ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai wannan abin mu cire shi muke, mu haɗa bututu kai tsaye, birki ya kama sosai." Na ce, "Malam, ranar da aka yi ruwa kuma mota ba kaya fa?" Shiru. Abin da ke faruwa shi ne baya ya riga gaba kullewa, gindin mota ya juyo ya wuce kanta. A ruwan Agusta na Jos wannan ba abin gwaji ba ne. Masu ɗaure hannun bawul ɗin da waya ma rami ɗaya suke faɗawa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, mutum ya karɓi kuɗin aiki ya canza tsayin mota, bai san akwai abin da ke rataye da tsayin ba.

Gyaran da aka yi a wani wuri: an fara tabbatar da hannun na motsi, don tsatsa kan kama shi ya daskare. Sannan aka sassauta bol ɗin da ke riƙe ƙaramin sifirin a ramin sa mai tsawo, aka ƙara masa ɗauri kaɗan-kaɗan, mota na tsaye a kan tayoyinta, ba a kan jak ba. Asali da agogon auna ƙarfin mai ake saita shi. Da babu, sai muka koma gwaji a hanyar burji da ba kowa: a taka da ƙarfi, wani na tsaye a gefe yana kallo, dole gaba ya riga baya kullewa, babu kaya da kuma da kaya. Sau huɗu aka kwance aka ɗaure kafin ya zauna. Fad ɗin gaba sun ƙone sun yi ƙyalli kamar gilashi, an canza. An zubar da man birki duka an sa sabon DOT 4, kuma wajen fitar da iska a baya sai an danne hannun bawul ɗin, in ba haka ba mai ba ya wucewa yadda ya kamata.

Birki ya dawo, na sake sauka Kibo sau biyu lafiya, a giya ta biyu dai yanzu. Da a nan abin ya tsaya da na ce a yi. Amma tun da idona ya buɗe sai sauran suka yi ta fitowa.

Ƙarar nan "kwas" da nake ji a baya in mota ba kaya, wadda aka ce min sabon sifirin ne bai zauna ba, ashe shokozoba ce ke kaiwa ƙarshen tsayinta. Ta Golf gajera ce, dogon sifirin ya riga ya miƙar da ita kusan duka tun mota na tsaye, saboda haka taya na faɗawa rami sai ta buga ƙarshe. Robobin sama sun tsattsage a wata uku, shokozobar dama ta fara zubar da mai. Bushin ɗin bim ma haka. Roba ce da aka ɗaure a tsohon tsayi, da aka ɗaga mota ta zauna a murɗe dare da rana. Kamata ya yi a sassauta manyan bol biyun, a sauke mota ƙasa, sannan a ɗaure. Ba a yi ba, ga shi na hagu ya tsage, baya na ɗan lilo a kan gudu.

Mai kayan Beljiyam ɗin da ya sayar min da sifirin ma bai kyauta ba. Volkswagen na shafa ɗigon fenti a jikin kowane sifirin don nuna ƙarfinsa, na Passat salun daban, na wagon daban. Da aka wanke nawa sai ga launin hagu da na dama ba ɗaya ba, shi ya sa motar ta karkata da kusan santimita guda. Kafin ka biya ka sa a goge laka ka ga ɗigon, ka tsayar da biyun a ƙasa ka gwada tsayinsu. Fitila kuma ta koma kallon ƙasa tunda gindi ya ɗaga, da daddare ba ka hango nesa sai an saita ta. Wannan mai sauƙi ne, minti goma.

In kullum cikin lodi kake, Bokkos zuwa Jos, na Passat zai yi maka, da sharaɗin a taɓa bawul ɗin a ranar, a saki bushin a sake ɗaurewa, a nemi shokozoba mai tsayin da ya dace da shi. Ni da rabin tafiyata ba kaya, bayan ya yi min tauri, kan kwalta mai gargada tsalle take kamar akuya, na baya suna ƙorafi. Na sa a nemo min na Vento, wanda 'yar uwar Golf 3 ce mai but, yana shiga ba dabara kuma ɗagawarsa ba ta kai haka ba. In ya zo, bawul ɗin nan sai an sake saita shi daga farko.