Kofi ko sikeli: awon sukarin aisin

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce tsarin haɗin da kika samo ya rubuta kofi 4 na sukarin aisin, wato garin sukarin da ake haɗa kirim ɗin shafa wa kek da shi, kina son sanin giram nawa ke nan, da kuma ko sai kin sayi sikeli. Kofi ɗaya na awon kek, mai cin mililita 240, yana ɗaukar wajen giram 120 idan ba a tankaɗe sukarin ba. Kofi 4 ya kama giram 480, wato leda mai giram 500 za ta ishe ki har da ɗan saura. Babban cokalin awo kuma giram 7 zuwa 8.

Amma wannan 120 ɗin ba ya zama wuri ɗaya. Sukarin shayi mai tsaba, ko ta yaya kika ɗebo shi, kofi yana ba ki wajen giram 200. Aisin kuwa gari ne mai laushi, iska na shiga tsakaninsa. Ki tankaɗe shi da rariya kafin ki auna, kofin zai sauka zuwa giram 100 ko 110. Ki luma kofin cikin leda ki danna, sai ya haura 120 sosai. Kamar awon mudu ne a kasuwar Muda Lawal: na wani da tozo, na wani a shafe, kowa kuma mudu ɗaya yake kira. A kofi 4, bambancin giram 20 a kowanne ya zama 80, kuma shi ne ke sa kirim ɗin yau ya tsaya, na gobe ya zube a gefen kek.

Ga kuma damina. Ana zuba wa aisin ɗan sitacin masara don kada ya dunƙule, amma a watan Agusta a nan Bauchi sai ya sha danshi ya yi gudaji, gudajin su bar ramuka a cikin kofi. Da hunturu kuwa wasai yake zuba.

Su kansu kofunan ba ɗaya ba ne. Na Amurka 240 ne, na Ostireliya 250. Gwangwanin madara da muke kira kofi a gida bai wuce kashi biyu cikin uku na kofin awo ba, don haka kada ki kuskura ki sa shi a madadinsa.

Sikeli bai san duk wannan ba. Ki ɗora kwano, ki danna ya koma sifili, ki zuba har ya nuna 480. Tankaɗaɗɗe ko mai gudaji, nauyinsa ɗaya. Lissafin kirim ma ya fi sauƙi: bota giram 250, aisin giram 500, ninki biyu ke nan. Aibin sikeli shi ne batir da ke mutuwa ranar da aiki ya fi yawa, sai ki ajiye na canji.

Idan barbaɗawa za ki yi a kan donot, kofi ya wadatar. Idan kuwa kek ɗin biki kike yi na sayarwa, ko fondan, wato kwaɓin sukarin da ake lulluɓe kek da shi, ni dai sikeli zan ce miki. Kafin ki saya, ki riƙa cika kofin da cokali, ki shafe bakinsa da bayan wuƙa, sannan ki tankaɗe bayan kin auna, sai dai idan tsarin ya ce a fara tankaɗewa.